Yaron Nan Zai Yi Magana Sosai Kuwa?

A watan nan za mu duba wata tambaya wadda iyaye sukan kawo mana a ƙofar aji, wani lokaci kuma bayan an tashi sujada, sukan kuwa yi ta da ƙaramar murya kamar masu neman rance. Zancen yaron da aka haifa da tsagaggen leɓe ne, ko da rufin bakinsa a buɗe. An kai shi asibiti, likita ya ɗinke, fuska ta yi kyau har baƙo ba ya lura. To, magana fa? Zai yi ta sosai kamar sauran yara, ko kuwa zai girma yana magana ta hanci, a riƙa ce masa "Me ka ce?" har ya gaji ya daina buɗe baki?

Mu dai alli muka sani, wuƙar tiyata aikin waɗansu ne. Amma yaro da baki yake amsa sunansa da safe, da shi yake karatu a gaban allo, da shi yake neman izinin fita, saboda haka maganar ta shafe mu. Likitoci kuwa sun daɗe suna bin yara irin waɗannan tun daga goyo har su shiga makaranta, domin su gane abin da yake sa wannan ya yi magana tangaram, wancan kuwa tasa ta ƙi fita. Sun gano abubuwa da dama da suke nuna inda maganar yaro ta dosa, waɗansunsu kuma a hannun iyaye suke.

Da fari sai mu raba abu biyu da mutane suke haɗawa. Tsagar leɓe daban, tsagar rufin baki daban, ko da yake sau da yawa sukan zo tare. A duniya duka, wajen jariri 1 cikin 700 yake zuwa da ɗayansu ko duka biyun. Leɓe yakan haɗu tsakanin mako na 4 da na 7 na ciki, rufin baki kuma ba da daɗewa ba bayan haka, wato tun mace ba ta ma gama tabbatar da tana da ciki ba. Akwai gado a ciki. Shan taba, da ciwon sukari, da waɗansu magungunan farfaɗiya kuma suna ƙara hatsarinsa, amma a yawancin yara ba wanda zai iya nuna dalili guda. Masu cewa uwar ta gamu da iska a hanyar rafi, ko ta yi wa wani dariya, ko alhakin wani ne ya kama gidan, sai su koma su karanta Yohanna sura 9, su bar baiwar Allah ta ji da jegonta.

Yaron da leɓensa kaɗai ya tsage, rufin bakinsa kuwa lafiya lau, kusan kullum maganarsa takan fita daidai. Iyayensa su kwantar da rai. Wahalar magana tana ga rufin baki, wurin da ido ba ya gani sai an buɗe.

Ku sa harshe ku shafa saman bakinku. Bayan haƙora akwai ɗan tudu, shi ne hanƙa. Sai wuri mai tauri mai ƙashi, shi ne ganɗa. Can ciki kuma sai wuri mai taushi, tsoka zalla, shi ne hanɗa, wanda beli yake reto a ƙarshensa. 'Yan ajin Hausa sun san sunayen nan uku, ko da yake yawancinsu don jarrabawa kaɗai suka haddace su. To, hanɗa ƙyaure ce tsakanin baki da hanci. Sa'ad da mutum yake numfashi tana a buɗe. Da zai ce "b" ko "d" ko "k" ko "s", sai ta ɗaga ta manne da bangon maƙogwaro, iska ta taru a baki, sa'an nan ta fashe ta fito da ƙarfi. A cikin baƙaƙenmu "m" da "n" ne suke barin ƙyauren a buɗe. Ku gwada. Ku toshe hanci ku ce "baba", ba abin da zai sāke. Ku toshe ku ce "mama", za ku ji ta maƙale.

Yaron da ƙyaurensa ba ya rufuwa, iskarsa duka ta hanci take sulalewa. "Baba" ya zama "mama". "Dawa" ta zama "nawa". Ya ce "bari", a ji kamar ya ce "mari". Harshen Hausa kuwa ba ya yi masa rangwame ko kaɗan, gama "ƙ" da "ts" sai an matse iska a cikin baki sosai kafin su fita.

Ga kuma abin da ya fi wannan ɓarna. Yaro yana da wayo, yana so a ji shi. Da ya ga ba ya iya tsare iska a baki, sai ya koma tsare ta can ƙasa a maƙogwaro, inda muke yin 'yar tsayawar nan ta tsakiyar "sa'a". Sai "kaka" ta koma "a'a". Tsohuwa tana miƙo hannu, jika yana kiranta, ita kuwa tana tsammani ƙinta yake yi. Wannan dabara koyonta yaro ya yi, harshe da maƙogwaro sun saba da ita, allura da zare kuwa ba su cire sabo. Ko an ɗinke rufin bakin daga baya, ƙyaure ya zama sabo fil, yaron zai ci gaba da bin tsohuwar hanyarsa sai an koya masa wata.

Daga nan za ku gane dalilin da ya sa lokacin aikin ya zama babban abin dubawa. Leɓe akan ɗinke shi yaro yana wata 3 zuwa 6. Rufin baki kuwa galibin likitoci suna so a rufe shi tsakanin wata 9 da wata 18, kafin magana ta kafu. An daɗe ana gardama a kan wannan, gama kowane gefe yana da abin tsoro. In an yi da wuri, tabon ɗinki yana iya hana muƙamuƙin sama girma yadda ya kamata. In an jinkirta, magana ta ɓaci. A garin Marburg na Jamus an taɓa bin wata hanya, a ɗinke hanɗa yaro yana ƙarami, a bar ganɗa a buɗe sai ya kai shekara goma sha wani abu. Fuskokin yaran suka girma da kyau, amma da aka zo aka saurari maganarsu, sai aka tarar da yawansu ta hanci suke yi.

A shekarar 2023 aka buga sakamakon wani babban gwaji da aka yi da jarirai 558 a asibitoci 23 na Birtaniya, da Denmak, da Norwe, da Suwidin, da Barazil. Dukansu rufin baki kaɗai ya tsage. Aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi aka yi musu aiki suna wata 6, rabi suna wata 12, duka da salon ɗinki iri ɗaya. Da suka cika shekara 5 aka auna maganarsu. Cikin 'yan wata 6, kimanin 9 cikin 100 ne ƙyaurensu bai rufu sosai ba. Cikin 'yan wata 12 kuwa 15 cikin 100. Kada dai wani ya ɗauki wannan lissafi ya tafi yi wa likitansa gardama. Jariran nan zaɓaɓɓu ne, masu ƙoshin lafiya, a asibitocin da suka ƙware wajen sa wa jinjiri maganin barci, kuma 'yan wata 6 ɗin sun ɗan fi komawa a yi musu aiki na biyu. Abin da muka ɗauka a ciki shi ne, in wata shida kaɗai tana iya kawo bambanci, ina ga shekara shida?

Muna tambaya haka domin shekara shida ɗin ita ce tamu. A wurarenmu, da zarar an ɗinke leɓe, fuska ta gyaru, maƙwabta sun daina leƙe, sai iyaye da yawa su ce an gama. Likita ya rubuta ranar komowa domin rufin baki, katin ya shige ƙasan akwati. Damina ta zo, kuɗin mota babu, uwa ta sake ɗaukar ciki. Sai ran da aka kawo yaro aji ɗaya, malam ya tambaye shi sunansa har sau uku, sa'an nan a tuna akwai sauran aiki. A ganinmu wannan ya fi kowane abu ɓata maganar yaran nan a ƙasashenmu, kuma shi ne wanda ya fi sauƙin magancewa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Akwai kuma yaran da aka kai su a kan kari aka komo da su, domin ba su yi nauyin da za a yi musu aiki ba. Jaririn da rufin bakinsa yake a buɗe ba ya iya zuƙar nono da ƙarfi. Yakan yi ta fama har ya gaji ya yi barci, uwa ta ce ya ƙoshi, ashe da yunwa ya kwanta. Sai a tatsi nonon a ba shi da ƙaramin cokali ko kofi mai tsabta, a zaunar da shi a miƙe, kaɗan kaɗan, sau da yawa a yini. In ɗan nono ya fito ta hanci kada a firgita. A riƙa kai shi awo. 'Yan zumuntar mata, ga aiki ya same ku, gama uwa ɗaya ba ta iya wannan dare da rana ita kaɗai.

Bayan lokaci, sai irin tsagar. 'Yar tsaga a hanɗa kaɗai ta fi sauƙi bisa wadda ta taso daga leɓe ta ratsa dasashi da ganɗa har baya, wadda kuma ta bi gefe biyu ta fi su duka wuya. In tsagar tana da faɗi, naman da za a jawo a rufe ta yakan gaza, hanɗa ta fito gajeruwa, ko ɗinkin ya ɗan buɗe ya bar 'yar kafa. Waɗansu yara kuma tsagar tana tafe da wata lalura, ta zuciya, ko ƙanƙantar haɓa, ko jinkirin koyo, su kuwa tafiyarsu takan fi tsawo. Waɗannan ba a hannun kowa suke ba, amma ya kamata iyaye su tambayi likita wace iri ce ta ɗansu, domin su san abin da za su sa rai.

Hannun mai ɗinkin ma yana da nasa rabo. Hanɗa tsoka ce, a yaro mai tsaga kuwa tsokar takan kwanta a karkace. Aikin gwani shi ne ya kwance ta ya mai da ita kan hanyarta, ta iya ɗagawa, ba wai ya toshe rami kawai ba. A Birtaniya, a shekarar 1998, wani kwamiti ya bincika ya tarar ana yin aikin nan a wurare 57, likitoci da yawa 'yan yara kaɗan suke yi wa a shekara, sakamakon kuma bai gamsar ba. Aka ba da shawara a tattara aikin a wurare 8 zuwa 15, aka kuwa rage su. Da aka sake bincike bayan shekaru, maganar yaran ta fi ta dā kyau. Ko ɗinkin riga ne, kowa ya san bambancin telan da yake kan keke kullum da mai taɓawa sai lokacin Kirsimati. Ba rashin kunya ba ne uba ya tambaya ko a asibitin nan an saba yin aikin rufin baki.

Sai kunne, wanda kusan kowa yake mantawa da shi. Akwai 'yar hanya daga bayan hanci zuwa cikin kunne, tsokokin hanɗa ne suke buɗe ta. Saboda haka kusan dukan yaran da aka haifa da tsagar rufin baki ruwa yakan taru musu a bayan dodon kunne suna ƙanana. Sau da yawa ba zafi, ba zazzaɓi, ba abin da yake fita. Yaro dai yana ji kamar wanda ya cusa yatsu a kunne. Wanda bai ji "s" da "f" da "t" sosai ba, ina zai same su ya faɗa? Mun sha ganin yaro a aji ana ce masa mai taurin kai ko daƙiƙi, ashe ji ne ba ya yi. A nemi a auna jin yaron, a kuma sake aunawa, gama ruwan yakan tafi ya komo. Wani lokaci likita yakan sa ɗan bututu a dodon kunnen, girmansa bai fi ƙwayar shinkafa ba. Yawancin yara sukan rabu da wannan wajen shekara 7 ko 8, amma kafin nan an riga an koyi magana.

Yanzu ga wata alama da uwa za ta iya lura da ita tana tuƙa tuwo. Masu binciken magana sun ga gwarancin jariri yana nuna abin da yake zuwa. Yaron da bayan aikinsa ya fara fito da "ba-ba", "da-da", "ga-ga", "ta-ta", baƙaƙe iri iri na cikin baki, yana kan hanya mai kyau. Wanda watanni suka wuce bayan aiki, har yanzu daga "ma-ma" da "na-na" sai gurnani a maƙogwaro, shi ne ake so a koma da shi a duba tun da wuri. Kada a jira ya shekara huɗu ana cewa ai babansa ma bai yi magana da wuri ba.

In yaro ya kai shekara 3 ko fiye, akwai gwajin da muke yi a makaranta, kowa kuma yana iya yi a gida. A sami ƙaramin madubi mai sanyi, a riƙe a ƙarƙashin hancinsa, a sa shi ya faɗi maganar da ba "m" ba "n" a cikinta, kamar "Kaka ta ba Bala buta" ko "Sule ya sha fura". In ƙyaure yana rufuwa, madubi zai zauna garau. In ya yi hazo, iska tana bi ta hanci. Wannan nuni ne kawai, hukuncin na likita ne, wanda a babban asibiti yana iya zura siririn bututu mai fitila ta hanci ya ga yadda hanɗa take motsi yaro yana magana.

Gaskiyar da ya kamata iyaye su ji tun farko ita ce, ko an yi kome daidai, wajen yaro 1 cikin 5 yakan bukaci aiki na biyu domin magana, a ƙara wa hanɗa tsawo ko a rage faɗin ƙofar. Akan yanke wannan shawara yawanci yaro yana shekara 4 zuwa 6. Ba ya nuna likitan farko ya yi ganganci. Abin lura shi ne cuta biyu ce, kowace da maganinta. In ƙyaure ne gajere, ko an shekara ana koya wa yaro magana ba zai yi tsawo ba, sai tiyata. In kuwa ƙyaure lafiya yake, sabo ne ya rage, ko an yi tiyata goma ba za ta cire shi ba, sai koyarwa. Yara da yawa suna da duka biyun.

Masu koyar da gyaran magana kaɗan ne ƙwarai a ƙasashenmu, yawancinsu kuma a manyan birane suke. In an sami ɗaya, a roƙe shi ya nuna wa uwa ko yayar yaron abin da za a riƙa yi a gida, minti goma kullum ya fi awa guda a wata. A zauna fuska da fuska, yaro ya ga leɓe da harshe. A ɗauki baƙi ɗaya, a soma da shi a hankali ba da ƙarfi ba, gama matsa wa yaro ya yi da ƙarfi shi yake tura shi maƙogwaro. Wani lokaci ɗan toshe masa hanci yana taimakonsa ya ji yadda iska take fita ta baki. Akwai masu sa yara hura balan-balan da busa usur da nufin ƙarfafa hanɗa. Bincike bai nuna wannan yana gyara magana ba. Magana da magana ake koyonta.

Mu malamai kuma muna da namu. Yaron ya zauna a gaba saboda kunnensa. Kada a sa shi karatu a gaban aji ba shiri, a ba shi layinsa tun jiya ya gwada a gida. In ba mu gane abin da ya ce ba, mu maimaita abin da muka kama, ya cika sauran, maimakon "Sāke faɗa" sau biyar ana kallonsa. Mai kwaikwayon muryarsa kuwa a tsawata masa tun ran farko, gama in malam ya yi murmushi sau ɗaya, aji duka ya sami izini. A makarantar Lahadi ma haka, a bar shi cikin masu waƙa, a ba shi ayar haddacewa kamar kowa. Tsagar baki ita kaɗai ba ta taɓa ƙwaƙwalwa, yawancin yaran nan basirarsu daidai take da ta kowa.

Akwai wata irin tsaga ɓoyayya da ya kamata mu ambata, saboda al'adar cire beli. A wannan irin, fatar rufin baki a haɗe take, tsokar da take ƙarƙashi ce ba ta haɗu ba. Alamarta sau da yawa beli ne mai reshe biyu, da nono yana fitowa ta hanci, daga baya kuma magana ta hanci ba tare da an ga rami ba. In wanzami ya riga ya yanke belin a makon haihuwa, alamar ta tafi, ga zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta da jariri zai iya gamuwa da su. Jariri mai tsagar rufin baki, ta fili ko ta ɓoye, kada aska ta kusanci bakinsa, gama likita yana bukatar kowane ɗan nama da yake wurin.

Game da inda za a nufa, manyan asibitocin koyarwa na Kano, da Zariya, da Jos, da Maiduguri, da Sakkwato suna da likitocin tiyatar baki da fuska. Asibitin yara na ciwon noma da aka buɗe a Sakkwato a 1999 yana karɓar masu tsagar leɓe ma, ko da yake noma cuta ce dabam, wadda take cin fuskar yaro bayan an haife shi lafiya. A Nijar akwai asibitin yara na CURE a Yamai, wanda aka buɗe a 2010. 'Yan'uwanmu na Gana kuma suna da asibitin Komfo Anokye a Kumasi. Ƙungiyar Smile Train, wadda aka kafa a Amurka a 1999, tana biyan kuɗin aikin a asibitocin da take haɗa hannu da su, saboda haka a yi tambaya kafin a sayar da akuya. Abin da yakan rage wa iyali shi ne kuɗin mota da na abinci, wannan kuwa bai fi ƙarfin ikkilisiya ba in dattawa sun sa shi a gaba.

Wanda ya riga ya girma ba a yi masa ba, ko shekararsa 10 ko 30, har yanzu ana yi. Abinci da ruwa za su daina bi ta hanci, murya kuma takan yi sauƙi, amma sai ya zauna ya sake koyon baƙaƙen ɗaya ɗaya, abin kuwa yakan ɗauki watanni masu yawa. In za a tafi asibiti, a ɗauki tsohon katin in yana nan, a kuma tafi da wanda ya fi kowa gane maganarsa a gida.